Tazara Tsakanin Hannu da Bam: Darasin Tarihi ga Karkarar Kano

Ranar Juma'a 20 ga Janairu 2012, jerin hare-haren bam da harbe-harbe sun hallaka mutane sama da 180 a birnin Kano. Bayan ƙura ta lafa, 'yan sanda suka gano motoci maƙare da nakiya da ɗaruruwan gwangwanayen lemo waɗanda aka mayar bama-bamai, kuma kowane ɗaya sai da wani ɗan Adam ya kusance shi. Ba a cika wata guda ba, ranar 14 ga Fabrairu, Saje Sunday Badang na sashen kwance bam ya rasa ransa a Unguwar Sarki ta Kaduna yayin da yake duba wani ƙunshi da hannunsa. Tarihin kwance bam, idan aka taƙaita shi, tarihi ne na neman tazara tsakanin hannun nan da abin da ke cikin ƙunshin.

Sojojin Birtaniya ne suka fara tsawaita tazarar. A 1972, bayan sun yi asarar masu kwance bam a rikicin Ireland ta Arewa, Laftanar Kanar Peter Miller ya ƙera Wheelbarrow, 'yar na'ura mai ƙafafu da ake turawa daga nesa. A yaƙin Iraƙi kuwa, da masu dasa bam suka koma tayar da shi ta wayar salula da rimot, Amurka ta ɗora wa motocinta na'urorin toshe sigina, ta kuma kafa hukumar JIEDDO a 2006 domin wannan matsala kaɗai.

Mataki na gaba shi ne maikurowef mai tsananin ƙarfi. Asalinsa magnetron ne, wanda John Randall da Harry Boot suka inganta a Jami'ar Birmingham a 1940 domin rada. Idan aka harba wannan igiya a dunƙule, duk wayar ƙarfe da ta riska takan zama kamar eriya, wutar lantarki ta kwarara cikinta, ta ƙone kayan haɗin bam ɗin ko ta tayar da shi tun ayari bai iso ba. Rundunar sojin saman Amurka ta gwada irin wannan mota, mai suna MAX POWER, a Afghanistan a 2012.

To, ina wannan zai yi aiki a wajenmu? Wanda ya bi hanyar Dawanau zuwa Bichi, ko ta Ɗambatta, ya san karkarar arewacin Kano ba ta da dajin da babu kowa. Gona na manne da gona, ana noma gero da dawa da gyaɗa kowace damina ba hutu, kuma da wuya a yi tafiyar kilomita guda ba a ga gida ko makiyayi ba. Na'urar da maganinta shi ne tayar da bam ba ta dace da tasha ko kasuwar ƙauye ba. Igiyar ba ta bambanta wayar maharin da ta ɗan kasuwa, jiƙaƙƙiyar ƙasar damina kuma tana rage mata ƙarfi.

Talaka ya riga ya ɗanɗani kuɗin irin wannan kariya ta jimla. A Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, an hana acaba a birni, sana'ar da samarin ƙauye ke cin rani da ita. A watan Mayun shekarar aka katse layukan waya a Borno da Yobe da Adamawa, daga baya kuma aka taƙaita takin yuriya a arewa maso gabas, manomi ya shiga ƙunci.

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Cunkoson da ya hana na'ura sakewa shi ne bangon wannan karkara, domin baƙo ba ya kwana a ƙauye mai unguwa da dagaci ba su sani ba. Haƙƙi ne a kan hukuma ta wadata masu kwance bam da na'urorin da ke nisanta su da haɗari, ta kuma kare wanda ya kawo labari, saboda bam ɗin da aka tare tun ana haɗa shi ba ya buƙatar kowa ya sunkuya a kansa.