Alƙalamin Gado daga Aujara: Tantance Irinsa da Shekarunsa

Maƙasudin wannan ɗan bayani shi ne a nuna yadda kayan gado kan gyara labarin baka. Abin da za a duba alƙalami ne mai shan tawada, wanda na gada daga kakana, tsohon malamin haraji na En'e a Aujara, cikin ƙasar Jahun, wadda a lokacin take ƙarƙashin Kano, tun kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991. A gidanmu cewa ake yi murfinsa azurfa ne, kuma ya same shi tun kafin yaƙin Hitila. Alƙalamin da kansa bai yarda da ko ɗaya ba.

Bakinsa a lulluɓe yake, tsininsa kaɗai ke leƙowa, maƙalinsa kuma siffar kibiya ne. Wannan ita ce ƙirar Parker 51, wanda ya fara shiga kasuwa a Amurka a 1941. Ke nan batun kafin yaƙi ya faɗi tun daga nan, domin an fara yaƙin a 1939.

Hanyar shan tawadarsa ta ƙara matso da shekarun. Na farko, wato Vacumatic, ana kwance ɗan murfin gindinsa ne a riƙa danna wani maɓalli. Daga 1948 aka koma ga Aerometric, wanda ake kwance gangar jikinsa a matsa wata 'yar jaka da ke cikin kube na ƙarfe. Namu irin na biyun ne. Haka kuma umurnin da aka zana a jikin kuben ya ce a matsa sau huɗu, alhali na farko-farkon wannan iri sau shida suke cewa. Kamfanin kan buga alamar shekara a gangar jiki, amma ta namu gumin hannu ya cinye ta. Abin da ya rage shi ne shaidar cewa a Ingila aka yi shi, inda Parker ke da masana'anta a Newhaven a wancan lokacin.

Murfin kuwa, na azurfa yakan zo da hatimin da ya faɗi haka, kuma yakan yi baƙi in ya daɗe a ajiye. Namu ba hatimi, ya shekara fiye da talatin a cikin adaka bai dusashe ba. Ƙarfe ne marar tsatsa wanda kamfanin ya kira Lustraloy. Wannan bai yi wa gwaggona daɗi ba.

Saboda haka ina ganin alƙalamin bai girmi shekarun ƙarshe na Sarkin Kano Abdullahi Bayero (1926-1953) ba, kuma yana iya zama na zamanin Sarki Muhammadu Sanusi (1953-1963). Mai yiwuwa abin da aka riƙe a gida shi ne shekarar da kakan ya kama aiki, aka jingina wa alƙalamin. Takardun da ya bari na ajami, da alƙalamin kara da tawadar ƙaro ya rubuta su; rasiɗan haraji na boko ne kaɗai ke ɗauke da shuɗiyar tawada.