Tsarkakewa

tsarkakewa (sunan aiki, mace; daga *tsarkake*, tushenta *tsarki*)

1. Kawar da ƙazanta daga jiki, tufa ko wuri.

2. A bakin Kirista: aikin da Ruhu Mai Tsarki yake yi cikin mai bi, yana raba shi da zunubi, yana keɓe shi domin Allah, har halinsa ya ɗauki kamannin Almasihu. Ana yawan rikita ta da *baratarwa*, kuma kuskure ne babba. Baratarwa hukunci ce da Allah yake yankewa sau ɗaya, ya karɓi mai tuba. Tsarkakewa kuwa tafiya ce ta tsawon rai, da addu'a, azumi, karatun Littafi Mai Tsarki da zumunta. Wasiƙar Ibraniyawa, sura 5, ta kwatanta mai bi wanda bai girma ba da jariri mai shan madara, wanda ya girma kuma da mai cin abinci mai tauri. John Wesley (1703–1791), uban Metodis, ya koyar cewa mai bi zai iya kai wa cikakkiyar ƙauna tun yana duniya. Almajiran Luther da Calvin suka ce sai bayan mutuwa aikin zai cika.

*Misali:* "Baba, an yi mini baftisma bara, amma fushina bai tafi ba." "Ɗana, tsarkakewa ba ta kwana ɗaya ba ce; ka je ka nemi gafarar ɗan'uwanka tukuna."

Mai karatu, kada ka auna ta da yawan zuwa sujada. A gida da kasuwa ake ganinta.