Amsoshin Takardunku: Yaya Sojojin Jiki Ke Jin Labarin Cuta?

Wani mai sauraronmu daga Balan ta ƙasar Gaya ya aiko da takarda yana tambaya: wai idan an yi wa yaro rigakafi, ta yaya jikinsa ke gane cutar in ta zo daga baya?

To Malam, a cikin jini akwai fararen ƙwayoyi, su ne sojojin jiki. Ba su da baki, da wasu sinadarai da ake kira furotin suke isar wa juna saƙo. Masana sun daɗe suna bin diddigin yadda abin ke aiki.

A 1894 wani Bajamushe, Emil Fischer, ya kwatanta aikin irin waɗannan sinadarai da kwaɗo da makulli, wato kowanne sai abin da ya dace da siffarsa. A 1957 a Landan, Alick Isaacs da Jean Lindenmann suka gano intaferon, furotin ɗin da ƙwayar da cuta ta kama take fitarwa don gargaɗin maƙwabtanta. A 1958 John Kendrew ya fara fito da siffar wani furotin. Daga nan aka ɗauka furotin ba ya aiki sai da tsayayyar siffa.

Ashe da sauran magana. A 1999 a Amurka, Peter Wright da Jane Dyson suka nuna cewa da yawansu lagwai-lagwai suke kamar igiyar guga, kuma a haka suke aikinsu. Dubi sojan jiki: ɓangaren da ke waje makulli ne mai gane abokin gaba, jelar da ke ciki kuwa igiya ce mai lanƙwasa ta taɓo abokan aiki, saƙo ya wuce. Rigakafi nuna wa sojojin nan fuskar ɓarawo ne tun bai zo ba.

Mun gani a gida. Lambar da aka yi wa jama'a ta kori agana, har aka bayyana ƙarewarta a duniya a 1980. Da Kano ta dakatar da rigakafin shan-inna a 2003, cutar ta bazu har ƙasashen waje. Aka dawo da shi a 2004, yaro na ƙarshe da asalin cutar ta kama a jihar a Sumaila yake, a 2014.

Saboda haka Malam, a duba katin yara, a cika abin da ya rage. Da fatan ka gamsu, a gaida mutanen Balan.