Naman Kazan Sarakunan Sin da Kututturen Falgore

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Jos a tsakiyar damina, ya wuce Tudun Wada ya shiga dajin Falgore, ya san a nan ƙasar Kano ta fi samun ruwa da duhuwar itatuwa. Daga watan Agusta ruɓaɓɓun kututture kan fitar da wani naman kaza mai tauri, ja mai sheƙi kamar an goga masa mai. Muna yara a Riruwai, in mun je itace, ƙafa muke sa masa. Ba ya shiga miya, wuƙa da ƙyar take yanka shi, ga ɗaci. Iyayenmu mata farin nan mai laushi da ke tsirowa a gindin suri suke nema.

Danginsa ne mutanen Sin ke kira lingzhi, Japanawa reishi, masana kuma Ganoderma. Kusan shekara 2000 ke nan da littafin magungunan Sin da ake jingina wa Shennong ya sa shi a ajin ƙoli, ajin abin da suka ɗauka yana ƙara tsawon rai. Masanin magungunan Sin Li Shizhen ma ya yi bayaninsa a babban kundin da ya kammala a 1578. Samunsa a daji na da wuya, shi ya sa in an tsince shi akan kai fada a matsayin alamar sa'a, ana sassaƙa siffarsa a kayan ado, ana ɗinka ta a rigunan manya. Talaka sai dai labari.

Wajen 1970 masu bincike a Sin da Japan suka gano yadda za a noma shi, kuma dabarar ba ta fi ƙarfin manomin yankinmu na Doguwa ba. Irinsa wani farin zare ne da ake rainonsa a kwalba. A cakuɗa dusar katako da 'yar dusar shinkafa, a jiƙa, a ɗura a leda, a turara har duk wata ƙwayar cuta ta mutu, sannan a zuba irin. A ajiye a ɗaki mai laima, zafinsa tsakanin digiri 25 da 30. Cikin wata biyu zuwa uku sai girbi. Wasu kuma guntayen itace suke binnewa a inuwa, ya fi jinkiri. Da aka iya nomansa, tsadarsa ta karye.

Da ya wadata aka samu na bincike. A 1982 masana a Japan suka ware sinadarin da ke sa ɗacin, suka kira shi ganoderik asid. Yau an san ire-irensa fiye da ɗari. Akwai kuma beta-gulukan, wani sukari mai doguwar sarƙa wanda a ɗakin gwaji yake zaburar da ƙwayoyin garkuwar jiki. Taurinsa daga kaitin ne, abin da aka yi ɓawon fara da shi, kuma hanjin ɗan Adam ba ya iya narkar da shi sosai, don haka tafasawa ake yi a sha ruwan. Ta fuskar abinci ba abin a zo a gani ba ne: busasshensa yawanci harza ce, sai ɗan furotin, da fotasiyam da fosfaras.

Mu ta ƙofar kasuwa ya shigo mana. Kamfanonin Malesiya da suka taso a shekarun 1990 suka gauraya garinsa da kofi, suka baza dillalai, kowa na jawo wani don samun kamasho. Na zauna a irin taron dillalan nan a Kano, na ji ana rantsuwa cewa yana warkar da ciwon suga, hawan jini har da ciwon daji. Ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta tace binciken likitoci, ta duba a 2016 ta ce babu hujjar da za ta sa a ɗauke shi maganin farko na ciwon daji. Abin dariya, a can Malesiyar wani ɗan'uwansa, Ganoderma boninense, shi ne babban makashin bishiyar kwakwar manja.

Abin da ke damuna a matsayina na ɗan Riruwai daban ne. Kakanninmu sun haƙa kuza, sun narka ta da kansu, fatake na ɗaukar siraran sandunanta zuwa Kano tun kafin Bature ya san hanyar Jos. Kamfanoni suka zo a farkon ƙarni na 20, sana'ar narkawa ta mutu, muka koma lebura a ramin wasu. Yanzu ga dusar shinkafa jibge a Tudun Wada, ga dusar katako ana ƙonawa, ga laimar da Allah ya ba mu, amma muna sayen ƙunshin kofin waje da kuɗin tiyar masara.

Ban ce kowa ya ruga daji ya tsinko ya dafa ba. Jinsunan suna kama da juna, kuma mai shan maganin tsinka jini ya tuntuɓi likita tukun. Roƙona ga malaman Jami'ar Bayero da ta Wudil: ku zo Falgore da damina ku tantance wane iri ne namu, ku raini irinsa, ku koya wa matasanmu noman leda, wanda ba ya bukatar a sare bishiya ko ɗaya. Wanda kuma zai sayar, ya sayar da shi a matsayin shayi mai ɗaci, kada ya raba mara lafiya da asibiti.