Harshen Kasuwa da Zancen Allah a Zangon Ankara

Kasuwar Malam Atta tana cikin birnin Ankara, wato Accra, a unguwar New Town wadda dā ake kira Lagos Town, ba nisa da Nima da Mamobi. Yawancin masu cinta ba sa faɗin sunan duka, Malata suke cewa, gama baki ya tauna sunan har ya gajarta. A cikinta mutum zai ji harshen Ga, da Tuwi, da Ewe, da Dagbani, da Turanci. Amma idan Bazabarme ya tsaya ciniki da mutumin Mosi, ko 'yar Kotokoli da 'yar Gurunshi, sau da yawa Hausa ce take haɗa su. Hausar tana da nata ɗanɗano. Za a ce da mace "ya zo", ba kuma wanda zai yi dariya. Har abincin da dukan Gana take ci a yau, irin su wake da shinkafa da suke kira waakye, da tuwon zafi, da koko da ƙosai, da sunayen Hausa suke yawo.

Da wannan harshe na awon gero da tayin albasa ake yin wa'azi a masallatan Nima, da shi kuma wasunmu suke koya wa masu shirin baftisma. Tambayar da ta dami duk wanda ya taɓa tsayawa gaban aji yana koyar da sha'anin Allah ita ce, ina iyakar inda kalma take iya kai mutum? Tarihin yadda Hausa ta zo nan, da yadda aka ɗora mata wannan kaya, yana da abin faɗi a kan tambayar.

Goro ne ya fara kawo Hausa ƙasar nan. Fatake suna tashi daga Kano da Katsina da jakuna, su yi watanni a hanya, su sauka Salaga ta ƙasar Gwanja, su sayar da kanwa da tufafi da fatu, su sayi goron Ashanti. Bayansu sai soja. A yaƙin da Ingila ta yi da Ashanti a 1873 zuwa 1874, Kyaftin Glover ya zo da mayaƙa daga Ikko waɗanda ake kira Hausawa, ko da yake da yawansu bayi ne da suka tsere, harshen kawai suka iya. Daga nan Hausa ta zama harshen bariki. Da Ankara ta zama babban birni a 1877, kuma yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, sai baƙi suka yi ta gangarowa bakin teku. Malam Idrisu Naino, mutumin Katsina, shi ne ya shugabanci tsohon zango a tsakiyar gari, ɗansa Malam Baƙo kuwa ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20. Nima ta zo daga baya, wajen shekarun 1930, lokacin da Malam Amadu Futa ya sami fili a hannun mutanen Ga. Wasu sun ce sunan daga ni'ima ne, wasu kuwa sun ce daga harshen Ga yake. Ko a kan sunan unguwar ma ba a daidaita ba.

Mutumin da ya fi kowa nuna abin da alƙalami yake iya yi a zangunan nan shi ne Alhaji Umaru na Kete Karachi. A Kano aka haife shi wajen 1858, ya zauna a Salaga, sa'an nan ya koma Karachi inda ya yi limanci har rasuwarsa a 1934. Tun yana saurayi ya rubuta littafin koyon rubuta wasiƙa. Ya yi waƙoƙi da Larabci da Hausa a kan zuwan Nasara, da talauci, da annobar mura ta 1918, ya kuma juya waƙoƙin Imru'ul Ƙaisi zuwa Hausa. Bajamushen nan Adam Mischlich, wanda ya fara da aikin mishan na Basel kafin ya shiga aikin gwamnati, a wurinsa ya ƙara sanin Hausa, ya fitar da ƙamus a 1906. Almajiran Alhaji Umaru sun bazu cikin zangunan ƙasar. Saboda irinsu ne Hausar zango ta iya ɗaukar tauhidi da fiƙihu, ba lissafin goro kaɗai ba.

A ɓangarenmu na masu bi, aikin ya soma daga nesa ƙwarai. James Frederick Schön, ɗan mishan na CMS, ya bi jirgin binciken kogin Kwara a 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther. Bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. A Saliyo ya fara koyon harshen, a bakin bayin da aka 'yanta. Daga baya ya sami Dorugu, yaro daga ƙasar Damagaram wanda aka kama bauta, aka fanshe shi, ya bi Heinrich Barth zuwa Turai a 1855. Da taimakonsa Schön ya fitar da Bishara ta hannun Matiyu a 1857, da nahawu a 1862, da ƙamus a 1876. Cikakken Littafi Mai Tsarki bai fito ba sai 1932, bayan wahalar shekaru da Likita Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa suka sha. Mutanen Ga sun riga mu da nisa, gama Johannes Zimmermann ya gama nasu a 1866, Christaller kuma ya gama na Tuwi a 1871.

To, mai karatu, a nan ne maganar take da nauyi. Masu juyin nan ba su ƙirƙiro sabon harshe ba. Abin da suka tarar a bakin mutane shi suka ɗauka, kuma abin da suka tarar ya riga ya daɗe a hannun malamai da 'yan kasuwa. Sun ɗauki Allah, da annabi, da mala'ika, da zunubi, da tuba, da gafara, da addu'a, da ruhu, duka daga Larabci ta hanyar Musulunci. Har yau Kirista Bahaushe da Musulmi Bahaushe suna kiran Mahalicci da suna ɗaya. A ƙasar Malesiya wannan magana ta kai gaban alƙalai, har kotun ɗaukaka ƙara ta hana wata jaridar Katolika rubuta sunan Allah a 2013, kafin wata kotu ta yanke a 2021 cewa Kirista suna da iko su yi amfani da shi. A zango kowa yana cewa "Allah ya kai mu", kowa kuma yana amsawa da amin. Wannan ba ƙaramar riba ba ce, harshe ne kuwa ya ba mu ita.

Amma kowace kalmar aro da kayanta take zuwa. Dubi Ubangiji. Asalinta uban gida ne, mai gida, kuma a zamanin bauta da ita ake kiran mai bawa. Idan ka tuna Dorugu kansa an taɓa sayar da shi, haka kuma da yawa daga cikin sojan Glover, za ka ga kalmar ba daɗi zalla take da shi a kunnen irinsu ba. Tana koya mana iko da biyayya sosai, amma ba ta faɗin cewa wannan mai gida ya wanke ƙafafun barorinsa. Sai an ƙara mata labari.

Dubi kuma alheri, wadda muke fassara baiwar Allah da ita. A bakin mutane alheri shi ne kyautar da babba yake yi wa ƙarami, kuma kowa ya san alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, wato mai yinsa yana sa ran wata rana zai dawo masa. Malaman katikisma a kasuwa sukan yi misali da gyara. Ka sayi tumatir na sidi goma, mai sayarwa ta ƙara maka biyu a kai, ba ka biya su ba. Misalin yana shiga kai nan da nan, mata sukan gyaɗa kai. Sai dai gyara ba ta zuwa sai bayan ciniki, wanda kuwa ya zo hannu wofi ba a yi masa ita. Idan mai koyarwa ya tsaya a kan misalin bai rushe shi ba, ya koya wa mutane cewa sai sun fara biyan Allah tukuna ya ƙara musu. Ni a ganina duk misali mai kyau haka yake, yana ɗaukarka rabin hanya, sa'an nan dole ka sauka ka bar shi.

Inda harshe ya fi cin tura shi ne a kan kalmar Ɗan Allah. Maƙwabcinmu Musulmi idan ya ji ta, abin da kunnensa yake kawo masa shi ne aure da haihuwa irin ta jiki, sai ya ce Allah ya tsarkaka daga wannan. Gaskiyarsa ne a kan abin da ya ji, gama mu ma mun ƙi wannan ma'ana, iyayen ikilisiya da suka taru a Nikiya a 325 sun ƙi ta tun kafinmu. Bambancin da yake tsakanin addinan biyu a kan Yesu Almasihu na gaske ne, ba kuwa ƙamus ne zai kawar da shi ba. Amma rabin gardamar da ake yi a bakin shago ba ta ma kai ga wannan bambanci ba, a kan kalmar "ɗa" take tsayawa, kowa yana dukan abin da ɗan'uwansa bai faɗa ba.

Manyan masana na addinan biyu sun ci karo da wannan bango. Imam Gazali, wanda malaman zaure suka san littafinsa Ihya'u, yana koyarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, ba wanda ya fi shi iya hujja. A 1095, kamar yadda shi da kansa ya ba da labari, harshensa ya ɗaure, ya kasa furta ko kalma ɗaya ta darasi, abinci ma ya ƙi shiga. Ya bar muƙami da dukiya ya tafi Dimashƙu da Ƙudus da Makka, bai koma koyarwa a makaranta ba sai 1106. Toma na Akwino kuwa, wanda ikilisiyar Katolika take ji da shi a kan haɗa falsafa da tauhidi, wani abu ya same shi lokacin sujada a watan Disamba na 1273. Ya ajiye alƙalami, ya gaya wa magatakardansa cewa duk abin da ya rubuta ya zama masa kamar ƙaiƙayi in an gwada da abin da ya gani. Ya rasu a watan Maris na 1274, babban littafinsa bai ƙare ba. Ya kamata a lura, mutanen nan biyu sun yi shiru ne bayan sun ƙure karatu. Gazali ma a cikin shekarun keɓewar ne ya rubuta Ihya'u. Wanda bai taɓa buɗe littafi ba, ya ce shi ma ya wuce magana, da sauransa.

Wannan tambaya ta iso zango da ƙarfinta a ƙarni na 20. Shehu Ibrahim Inyas na Kaulaha ya ziyarci ƙasar nan a farkon shekarun 1950, tarbiyyarsa ta bazu cikin 'yan Tijjaniyya daga Kumasi zuwa Ankara. Masu tarbiyya suna cewa sanin Allah ɗanɗano ne, kamar zuma, wanda bai lasa ba ba a iya kwatanta masa. Daga baya matasan da suka yi karatu a Madina suka dawo, cikinsu har da Alhaji Umar Ibrahim Imam wanda ya dawo a 1968 ya zauna a Nima, suka ce duk abin da ba shi da nassi ba a karɓarsa. Gardamar ta raba masallatai da gidaje, a wasu garuruwa ta kai ga doke-doke. Ba hurumina ba ne in raba musu gardama. Na kawo ta ne domin muna da irinta a ɗakinmu. Tun daga motsin Peter Anim a Asamankese a shekarun 1930, da zuwan James McKeown a 1937, magana da harsuna ta cika majami'un Gana, har wasu suna auna ruhaniyar mutum da yawan sautin da ba a fahimta. Akwai addu'ar da ta fi ƙarfin kalma, duk wanda ya taɓa binne ɗa ya san wannan. Duk da haka manzo Bulus, da yake rubuta wa Korintiyawa, ya sa sharaɗi cewa a cikin taro sai da mai fassara, in babu a yi shiru. Inda aka kori hankali gaba ɗaya, nan ne mai wayo yake shigowa da man shafawa na sayarwa, kuma talakan Mamobi ne yake biya.

Shehu Usman Nuhu Sharubutu, wanda aka haifa a Ankara a 1919, ya zama babban limamin Gana a 1993. Batijjane ne, ya shafe rayuwarsa yana karantar da littattafai da Hausa. A ranar Ista, 21 ga Afrilu 2019, cikin bikin cikarsa shekara 100, ya tafi majami'ar Katolika ta Christ the King, Fada Andrew Campbell ya tarbe shi. Ya zauna cikin jama'a yana sauraro, a kan irin maganar da shi bai yarda da ita ba, wato tashin Almasihu daga matattu. Bai sake addini ba, Fada ma bai sassauta wa'azinsa ba. Kashegari sai magana ta ɓarke. Wasu Musulmi suka ce bai kamata limami ya shiga wurin ba, wasu Kirista kuwa suka yi ta murna fiye da kima kamar sun ci yaƙi. Sai da mai magana da yawunsa, Shehu Aremeyaw Shaibu, ya fito ya yi bayani cewa ziyarar zumunci ce, ba sujada liman ya je yi ba.