Ƙaramin jirgi mai saukar ungulu mai farfela biyu: yadda ake haɗa shi, a daidaita shi, a yi masa fenti

A cikin ƙananan jiragen sama da ake sarrafawa daga nesa da rimot, kaɗan ne suka kai kwaikwayon jirgi mai saukar ungulu mai manyan farfela biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya, wuyar haɗawa. Masu wannan sha'awa a Amurka da Turai da Japan sukan shafe watanni a kan jirgi guda, galibi suna kwaikwayon CH-47 Chinook ko CH-46 Sea Knight, waɗanda kamfanin Boeing Vertol ya ƙera. Wahalar aikin ta samo asali ne daga abu guda: fukafukan farfelar gaba da na baya suna ratsa fili ɗaya a saman jirgin, don haka dole su yi tafiya bai ɗaya a kowane juyi. Idan suka saɓa, aikin watanni yakan tarwatse cikin ƙiftawar ido.

Asalin wannan ƙira

Injiniyan nan na Amurka, Frank Piasecki, shi ne ya kai wannan tsari ga amfanin yau da kullum. A shekarar 1945 jirginsa mai farfela biyu ya fara tashi, rundunar sojan ruwan Amurka kuma ta karɓe shi da sunan HRP-1. Saboda lanƙwasar jikinsa, wadda ta ɗaga farfelar baya sama da ta gaba, aka yi masa laƙabi da ayaba mai tashi. Kamfaninsa ya koma Vertol a 1956, Boeing kuma ya saye shi a 1960. Chinook ya fara tashi ranar 21 ga Satumba, 1961, kuma har yau ana ƙera shi a kusa da birnin Filadelfiya. A Afirka, Masar da Maroko suna cikin ƙasashen da ke da shi, sannan a 2018 Birtaniya ta tura guda uku zuwa Gao da ke ƙasar Mali.

Ƙananan jirage masu saukar ungulu na rimot kuwa sun fara yaɗuwa ne a farkon shekarun 1970, bayan nasarar da Bajamushe Dieter Schlüter ya samu. Daga baya kamfanin Hirobo na Japan ya fitar da kwaikwayon jirgin Vertol mai farfela biyu, wanda ake saye a warwatse a haɗa a gida.

Yadda jirgin ke tuƙuwa

A jirgi mai babbar farfela ɗaya, juyin farfelar yana ƙoƙarin murɗa gangar jikin zuwa ɗaya ɓangaren, shi ya sa ake sa masa ƙaramar farfela a wutsiya. Mai farfela biyu ba ya buƙatar wannan, domin farfelolinsa suna juyawa ne a saɓanin juna, murɗawar kowace tana kashe ta 'yar'uwarta. A Chinook, idan aka dube shi daga sama, ta baya tana bin hannun agogo, ta gaba kuma tana saɓa masa.

Tuƙin ya dogara ne ga kwanciyar fukafukai, wato yawan iskar da kowane fiffike ke kamawa. Idan ana son jirgin ya yi sama, sai a ƙara wa farfelolin biyu kamun iska daidai wa daida. Idan ana son ya sunkuyar da hanci ya yi gaba, sai a ƙara wa ta baya a rage wa ta gaba. Karkata zuwa dama ko hagu na samuwa ne idan aka karkatar da duka biyun ɓangare ɗaya, juya hanci kuwa sai an karkatar da ta gaba dama, ta baya hagu, ko akasin haka. Ke nan duk motsin da matuƙi ya yi da yatsansa sai an raba shi tsakanin farfela biyu.

Zaɓen ma'auni

Kafin a taɓa ko noti ɗaya, sai an tsayar da girman da ake so. Faɗin farfelar Chinook mita 18.29 ne, tsawon gangar jikinsa kuma ya kusa mita 16. Idan aka zaɓi ma'aunin ɗaya bisa 16, ƙaramin zai zo da farfela mai faɗin kimanin mita 1.14 da gangar jiki ta kusan mita ɗaya. Nauyi kuma yana raguwa ta tsawo da faɗi da kauri gaba ɗaya, wato sau 4,096. Tunda babban jirgin, samfurin CH-47F, yana iya tashi da nauyin da ya kai kilo 22,680, lissafi ya nuna ƙaramin zai kama kusan kilo biyar da rabi. Wannan adadi mizani ne mai amfani ga mai haɗawa: duk abin da ya rage daga cikinsa sauƙi ne ga inji da batir.

Abin da ba ya bin ma'auni shi ne saurin juyi. Farfelar babban Chinook tana juyi 225 a minti ɗaya, amma ƙaramin yakan buƙaci sama da dubu kafin ya ɗaga.

Haɗa ƙwarangwal

Jirgin ya kasu kashi biyu: ƙwarangwal mai ɗauke da inji da giya da farfela, sai gangar jiki ta faiba ko roba da ake rufe shi da ita. Ƙwarangwal ake fara haɗawa, a kan tebur mai shimfiɗa sosai, domin ko 'yar murɗewa ce tsakanin turken gaba da na baya za ta bayyana a sama.

A yawancin irin waɗannan jirage, injin lantarki ɗaya ne ke juya farfelolin biyu, ta hanyar doguwar sandar ƙarfe ko bel mai haƙora. Wannan mahaɗa ita ce ran jirgin. A farfela mai fukafukai uku, tazarar digiri 120 ce tsakanin fiffike da fiffike, don haka ake saita ɗaya farfelar da bambancin digiri 60, yadda kowane fiffike zai wuce ta tsakiyar giɓin da ɗaya ɓangaren ya bari. Idan fukafukai bibbiyu ne, bambancin digiri 90 ne. Bel ɗin da ya yi sako-sako yana iya tsallake haƙori ya ɓata wannan lissafi, wanda aka ɗaure fiye da kima kuma yana cinye boris. Masu ƙwarewa kan sa alama da fenti a kan giyoyin biyu, su duba ta kafin kowane tashi.

Akwai boris mai juyi ɓangare ɗaya da ke sakin farfela ta ci gaba da juyawa idan inji ya mutu. Wurinsa tsakanin injin ne da mahaɗar, yadda farfelolin biyu za su kasance a ɗaure da juna ko da wuta ta ɗauke. Kowane noti da ke shiga ƙarfe ana ɗiga masa ruwan kulle zare irin su Loctite, saboda girgiza na kwance shi sannu a hankali. A nan ne karin maganar nan ke tabbata, ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Haka kuma, idan fukafukan irin masu doro ne a sama, sai an samo na juyin dama daban, na juyin hagu daban.

Lantarki da rimot

Ƙarƙashin kowace farfela akwai faifan tuƙi, wanda ƙananan injina uku da ake kira sarbo ke turawa sama da ƙasa. Jimilla sarbo shida ke nan, kuma ya kamata su zama iri ɗaya a ƙarfi da sauri. Na'urar daidaita tashi ta jirgi mai farfela ɗaya ba ta san rabon aikin da aka bayyana a sama ba, sai an sa wadda aka tsara don farfela biyu. Manhajar ArduPilot, wadda kowa ke iya saukewa kyauta, tana cikin masu wannan tsari.

Rimot na zamani yana aiki a kan zangon gigahaz 2.4. Allon kabon da ƙarfe suna tare saƙonsa, don haka ake nesanta eriya da su. Batirin da aka fi amfani da shi na lithiyom folima ne: kowane ɗaki nasa bolt 3.7 ne, yana kaiwa 4.2 idan ya cika, ana ajiye shi a kusan 3.8, kuma yana lalacewa idan ya sauka ƙasa da 3.0. Wanda ya kumbura ko ya huje yana iya kamawa da wuta, don haka ba a barin sa a caji babu mai kula, ba a kuma barin sa a cikin mota a rana.

Daidaitawa

Ana fara wannan mataki ne bayan an cire wayoyin injin, don kada farfela ta tashi bagatatan. Da farko a daidaita faifan tuƙi biyu su kwanta sosai. Sai a auna kwanciyar kowane fiffike da ma'aunin digiri. Ga jirgin kwaikwayo, daga kusan digiri 2 ko 3 ƙasa da sifili zuwa 9 ko 10 sama ya wadatar. Muhimmin abu shi ne gaba da baya su ba da lamba ɗaya. Bambancin digiri ɗaya kacal zai sa jirgin ya zabura gaba ko baya da zarar tayoyinsa sun bar ƙasa.

Daga nan a auna fukafukai a kan ƙaramin sikeli, a ƙara wa mara nauyi ɗan salatif har su yi kunnen doki. Cibiyar nauyin jirgin kuwa wurinta tsakiyar tazarar da ke tsakanin turakun farfela biyu. Idan aka rataye shi daga nan ya kamata ya tsaya a miƙe. Ana gyara wannan ta matsar da batir gaba ko baya, domin ƙara darma ƙarin kaya ne kawai. Sai a karkata jirgin da hannu a ga ko na'urar daidaitawa tana mayar da martani ta ɓangaren da ya dace. Wadda aka juya ta baibai za ta kifar da jirgin maimakon ta tallafe shi.

Tashin farko da ƙwarangwal tsirara ake yin sa, a fili mai faɗi, ranar da babu iska. Idan fukafukai suna bin layi ɗaya, gefen farfela zai fito siriri. Idan ya rabu biyu, sai a gyara tsawon sandar fiffiken da ya kauce, wanda ake ganewa da salatif mai launi. Idan jirgin yana gyaɗa kai da sauri, ƙarfin martanin na'urar ya yi yawa. Idan yana lilo a kasale, ya yi kaɗan. Abu ɗaya ake canzawa a kowane gwaji, a rubuta shi. Bayan an ɗora gangar jiki, sai an sake duba cibiyar nauyi da zafin inji, domin rufin yana rage iskar sanyaya shi.

Fenti

Hausawa na cewa tun ran gini ran zane, kuma haka abin yake a nan: tun kafin haɗawa ake zaɓen takamaiman jirgin da za a kwaikwaya, a tara hotunansa ta kowace fuska. Masu bin tarihi da yawa suna zaɓen Chinook na sojan saman Birtaniya da ake kira Bravo November, wanda ya tsira a yaƙin Falklands na 1982. Launukan jiragen sojan Amurka suna da lambobi a kundin ma'auni mai lamba 595, abin da ke sauƙaƙa samun launi daidai.

Gangar faiba tana fitowa daga mazubi da maiƙon da ke hana fenti kamawa, don haka sai an wanke ta da sabulu, a goge ta da samfefa mai laushi kamar lamba 400, a cike ƙananan ramuka, sannan a fesa fentin share fage. Launi ana fesa shi siriri-siriri sau biyu ko uku, daga mai haske zuwa mai duhu, bayan an rufe tagogi da salatif. Lambobi da tambura sun fi kwanciya a kan fuska mai sheƙi, daga baya a bi da ruwan rufi mara sheƙi. Baƙin hayaƙi a bayan injina da 'yar ƙura a ƙasan ciki suna ba shi kamar jirgin da ya yi aiki, matuƙar ba a cika ba. Ana gwada kowane sabon fenti a kan guntun faiba tukuna, domin wani yana tattare wanda ke ƙarƙashinsa, wani kuma yana narkar da soso. Feshi yana buƙatar wuri mai iska, da takunkumin da ke tace tururin fenti, da ranar da babu ƙura.

Fenti ma kaya ne. Turken baya da rumbunan injina sun fi gaba faɗi, saboda haka sun fi shan fenti, nauyi ya koma baya. Ana auna jikin kafin feshi da bayansa, a sake rataye jirgin. Akwai kuma batun gani: daga nesa gaba da bayan wannan jirgi suna kama da juna, kuma koren soja yana ɓacewa a gaban itatuwa. Shi ya sa ake ba masu koyo shawarar launi mai fitowa, kamar ruwan ɗorawa na jiragen ceto na Labrador da Kanada ta yi amfani da su, ko ja da fari na kamfanin Columbia Helicopters, ko kuma a sa fitilu masu launi daban a gaba da baya.

Tsaro da doka

Farfela mai faɗin mita 1.14 da ke juyi 1,200 a minti ɗaya, bakin fiffikenta yana gudun kusan kilomita 258 a sa'a, wanda ya isa ya yi mummunan rauni. Don haka 'yan kallo suna tsayawa ne a bayan matuƙi, a kuma saita rimot yadda inji zai mutu da kansa idan saƙo ya yanke. A Najeriya, tun shekarar 2016 Hukumar Kula da Zirga-zirgar Jiragen Sama ta Ƙasa, NCAA, ta hana tayar da jirage marasa matuƙi ba tare da izininta da na Ofishin Mai Bai wa Shugaban Ƙasa Shawara kan Harkokin Tsaro ba. Duk mai niyyar shigo da irin wannan jirgi ko tayar da shi ya kamata ya tuntuɓi hukumar tun kafin ya kashe kuɗinsa, ya kuma nisanci filayen jiragen sama da barikokin soja da wuraren taron jama'a.