Tears in Heaven: Tarihin waƙar alhinin da Eric Clapton ya yi wa ɗansa

Tears in Heaven waƙa ce ta alhini wadda makaɗin jita ɗan ƙasar Ingila, Eric Clapton, ya tsara tare da marubucin waƙoƙi ɗan Amurka, Will Jennings, bayan mutuwar ɗansa Conor mai shekara huɗu. An saki waƙar a watan Janairun 1992. Ma'anar sunanta ita ce hawaye a Aljanna. Sama da shekara 30 ke nan da fitowarta, amma har yau tana cikin waƙoƙin da aka fi sakawa a wuraren jana'iza da tarukan tunawa da mamata a Turai da Amurka.

Wane ne Eric Clapton?

An haifi Eric Clapton ranar 30 ga Maris, 1945, a ƙauyen Ripley da ke yankin Surrey a kudancin Ingila. Mahaifiyarsa tana da shekara 16 ta haife shi, mahaifinsa kuma sojan Kanada ne da bai taɓa sa shi a ido ba. A hannun kakanninsa ya tashi, yana ɗaukar su a matsayin iyayensa, yana kuma ɗaukar mahaifiyarsa a matsayin yayarsa, har sai da ya fara wayo gaskiya ta bayyana masa.

Ya yi suna tun a shekarun 1960 a ƙungiyoyin kiɗa irin su Yardbirds da Cream, inda aka san shi da gwanintar kaɗa jitar lantarki a salon rock da blues. A 1970 ya fitar da Layla, wadda ta ƙara ɗaukaka sunansa. Sai dai ya shafe shekaru yana fama da shaye-shayen ƙwaya da giya. An haifa masa Conor a watan Agustan 1986 tare da 'yar fim ɗin Italiya, Lory Del Santo, kuma a 1987 ya daina shaye-shaye baki ɗaya. Ya sha bayyana cewa haihuwar yaron ce ta ƙarfafa masa gwiwar shiryuwa.

Yadda abin ya faru

Mutuwar Conor ta zo ne Clapton bai gama farfaɗowa daga wani rashin ba. A ranar 27 ga Agusta, 1990, jirgi mai saukar ungulu ya faɗi a jihar Wisconsin bayan wani wasa da suka yi, ya halaka abokinsa makaɗi Stevie Ray Vaughan da mutum uku daga cikin tawagar Clapton, har da matuƙin jirgin.

Ba a cika wata bakwai ba, ranar 20 ga Maris, 1991, Conor ya faɗo ta tagar wani gida da ke hawa na 53 a wani dogon bene a birnin New York, inda yake zaune da mahaifiyarsa. An bar tagar a buɗe ne a lokacin da ake aikin goge ta. Clapton yana wani otal a cikin birnin a lokacin, yana shirin zuwa ya ɗauki yaron su fita. Daren da ya gabata ya kai shi kallon wasan dabbobi da 'yan tsalle-tsalle, fitar da ta zama ta ƙarshe a tsakaninsu. An binne yaron a Ripley, mahaifar uban.

Asalin waƙar

Bayan jana'iza, Clapton ya janye daga idon jama'a na tsawon watanni. Abin da ya riƙe a wannan lokaci shi ne wata jita mai tsirkiyar roba, wadda sautinta ke da taushi. A kanta ya fara haɗa karin waƙoƙin da suka shafi ɗansa, ba tare da niyyar fitar da su kasuwa ba.

Damar fitowar waƙar ta zo ne ta hanyar fim. An ba shi aikin tsara kiɗan wani fim mai suna Rush, wanda Lili Fini Zanuck ta ba da umarni, aka kuma haɗa shi da Will Jennings domin rubuta baitoci. Clapton ya riga ya rubuta baitin farko, sai ya nemi Jennings ya ƙarasa sauran. Da farko Jennings ya noƙe, yana ganin ciwo irin wannan mai shi ne kaɗai ya cancanci ya furta shi. Da Clapton ya nace, ya amince. Wannan Jennings ɗin ne daga baya ya rubuta baitocin shahararriyar waƙar fim ɗin Titanic na 1997. Ya rasu a 2024.

Jigon waƙar zance ne na uba da ɗansa da ya riga shi tafiya. Uban yana tunanin yadda haɗuwarsu za ta kasance a lahira, yana shakkar ko shi kansa ya cancanci shiga inda yaron yake, sannan ya lallashi zuciyarsa a kan ci gaba da rayuwa. Babu inda aka ambaci sunan yaron, babu kuma inda aka ambaci taga ko bene.

Karɓuwarta a duniya

Ranar 16 ga Janairu, 1992, Clapton ya rera waƙar a gaban 'yan kallo kaɗan a shirin Unplugged na tashar MTV, wanda aka ɗauka a Ingila. Tsarin shirin shi ne makaɗi ya ajiye kayan lantarki ya yi wasa da kayan kiɗa na katako. Faifan da aka fitar daga wannan wasa a watan Agustan shekarar ya zama ɗaya daga cikin faya-fayan wasan kai-tsaye da aka fi saya a tarihi, inda aka ƙiyasta an sayar da kwafi kimanin miliyan 26.

Waƙar ta kai matsayi na biyu a jadawalin Billboard na Amurka, ta kuma kai na biyar a Birtaniya. A bikin kyautar Grammy na watan Fabrairun 1993, Clapton ya lashe kyautuka shida, uku daga cikinsu saboda wannan waƙa. A 2005 wasu fitattun mawaƙa, ciki har da Elton John da Rod Stewart, sun sake rera ta domin tara gudummawa ga waɗanda ambaliyar tsunami ta Disambar 2004 ta shafa.

A 2004 Clapton ya daina rera ta a wasanninsa. Dalilin da ya bayar shi ne raɗaɗin rashin ya lafa masa, kuma ba ya son ya riƙa rera ta da baki alhali zuciya ba ta jin abin da ta ji lokacin da aka tsara ta. Sai a 2013 ya dawo da ita.

Me ya sa ba ta tsufa ba?

Dalili na farko shi ne kowa ya san ba ƙagen labari ba ne. Na biyu, rashin ambaton suna da wuri ya ba kowane mai sauraro damar sa nasa mamacin a ciki, ɗa ne ko uwa ko aboki. Na uku shi ne sauƙin kiɗanta: murya a ƙasa, jita a hankali, babu kururuwa, har mai koyon jita zai iya kaɗa ta a ɗakinsa. Na huɗu kuma, mutumin da aka sani da amon jitar lantarki da jarumtar dandali ya fito ya nuna rauninsa a matsayin uba, abin da ba a saba gani daga maza irinsa ba.

Alhini a adabin Hausa

Mayar da baƙin ciki waƙa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Ɗaliban makarantun ilimi sun san Khansa'u, mawaƙiyar Larabawa da ta shahara da marsiyyar ɗan'uwanta Sakhru. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta yi waƙoƙin ta'aziyya da dama, ciki har da na baffanta Abdullahin Gwandu da ya rasu a 1829, da na ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da ya rasu a 1837, da na mijinta Waziri Giɗaɗo.

Inda aka bambanta shi ne, marsiyyar Hausa ta fi karkata ga lissafa kyawawan halayen mamaci da yi masa addu'a, kuma galibi manya ake yi wa. Rashin ƙaramin yaro kuwa, kunya da kawaici ne ke lulluɓe shi. A Gantsa, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Buji, kamar yadda yake a Dutse da Birnin Kudu, uba zai zauna a tabarma a ƙofar gida, masu gaisuwa su tambaye shi haƙuri, su yi fatan Allah Ya sa yaron mai ceto ne, shi kuma ya amsa da amin ba tare da ya bari an ga hawayensa ba. Cikin wannan addu'a akwai begen sake haɗuwa da yaron a lahira, kuma a kan wannan bege ne aka gina waƙar Clapton. Shi ya sa Bahaushen da aka fassara masa jigonta ba ya buƙatar dogon bayani.

Abin da ya biyo baya

Bayan rasuwar Conor, Clapton ya fito a sanarwar wayar da kai yana kira ga iyaye su sa ƙarafen kariya a tagogi, su kuma tare bakin matakalar bene saboda yara. Wannan kira ya shafi masu gina benaye a Dutse da Kano, ya kuma shafi ƙauyuka, inda haɗarin da ke jiran yaro ya fi zama rijiya marar murfi ko kududdufin da ya cika da damina.

A 1998 ya buɗe cibiyar Crossroads a tsibirin Antigua domin jinyar masu fama da shaye-shaye. A shekarar ce kuma ya fitar da faifan Pilgrim, wanda ke ɗauke da wasu waƙoƙi biyu da suka shafi Conor: My Father's Eyes, da ta haɗa ɗan da ya rasa da uban da bai taɓa gani ba, da kuma Circus, wadda ta ba da labarin fitarsu ta ƙarshe.